Kiran Bayan Juma'a

Sabo, Ibadan

Zuwa ga Yaya Rahamatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ya ƙafar taki, ya yara da jikoki? Mu nan sai godiya. Saƙon ta'aziyyarki ya iso ta bakin Ladan direba, shi ne kuma zai kawo miki wannan takarda idan ya sauke albasarsa a kasuwar Shasha ya juya Zariya. Da kunnenki yana ɗaukar waya da na huta da biro. Amma kin tuna ranar da muka gwada, ina ta ɗaga murya har maƙwabta suka gama jin labarin, ke ba ki ji ba.

Takaba tana tafiya. Masu gaisuwa ba su yanke ba, kuma rabinsu da dariya suke fita, don kowa da labarinsa a kan Malam, ko Baba Tarho kamar yadda Sabo ke kiransa. Wani tsohon dillalin goro ya tuna min zamanin da wayar tarhonmu ce kaɗai a unguwa. Fatake su cika zaure suna jiran kira daga Kano, Malam ya dawo aiki da igiyar hawa turke a kafaɗa, maimakon ya kore su sai ya ce in ɗora shayi. Maƙwabciyarmu Iya Muhibbat mai injin markaɗe ta ce ba za ta manta ranar da ya hau turken waya na unguwar Mokola cikin ruwan sama ya gyara layi ba, don kawai a sanar da mijinta cewa ta haihu. Ni kuwa abin da na tuna, da salula ta shigo wata guda ya yi yana hararar ta, wai waya ba igiya ai rediyo ce. Daga baya ya fi samari latse-latse.

Ina kewarsa, Yaya, ba kaɗan ba. Amma akwai abin da ya fi kewar damuna. Kin san kowace Juma'a, da ya dawo masallaci, kafin ya cire babbar riga zai kira ɗanki Babba a Legas, sannan ya kira ƙanensa Muhsin a Kaduna. To su biyun ba sa magana tun bara, da matar Muhsin ta haihu. Babba a waya ya ga hoton jaririn kamar wani bare, ba a kira shi an gaya masa ba, shi ke nan ya ƙullace. Muhsin kuma ya ce abin bai kai ya kawo ba. Malam ne ke ɗaukar gaisuwar wannan ya kai wa wancan, ya ƙara mata gishiri a hanya. Ranar jana'iza sahu ɗaya suka tsaya, suka rabu ko sallama babu.

Yanzu mai haɗa su ya tafi. Ina tsoron in rasa miji, su kuma su rasa juna. Jiya da kowannensu ya kira ya gaishe ni, na ce masa Juma'ar nan ya kira ɗan'uwansa, kuma ba shawara nake ba shi ba. Ki taya ni addu'a.

Ki gaida mutan gida. Na sa miki garin alabo a hannun Ladan.

Ƙanwarki,
Ashatu

Sabo, Ibadan

Zuwa ga Yaya Rahamatu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da iyali. Daddawar ta iso, Allah ya saka da alheri. Gyara zama ki sha labarin 'ya'yanki.

Juma'ar farko duk sun bi umarnina. Bayan la'asar sai ga Babba ya kira yana huci, wai ya yi ta nema layi ba ya shiga, Muhsin ya toshe lambarsa. Ina ajiyewa sai ga Muhsin, wai yayansa kashe masa waya yake yi. Na tambayi kowa yaushe ya kira. Ashe daidai lokacin da ubansu ya saba kiran su, ba gaba ba baya, don a kan agogo ya raine su. Juna suke kira a tare! Na yi dariya har Iya Muhibbat ta leƙo ta ga ko mai takaba ta zare.

Na sha jin Malam yana gaya wa fatake cewa idan mutum biyu suna neman juna a lokaci guda layi ba ya shiga, sai ɗaya ya ajiye ya jira. Sai na gaya musu haka. Ni da wayona, duka biyun na gaya wa. Juma'a ta biyu kowa ya sa waya a gaba ya harɗe yana jira, har aka kira la'asar. Kowa kuma ya ƙara tabbata ɗan'uwansa ba ya son sa.

Nan dariya ta ƙare min. Shekara arba'in ina auren injiniyan waya, Yaya, ban taɓa danna kira da hannuna ba. Shi zai nemo mutum, ya tabbatar ana ji sosai, ya miƙo min kamar mai miƙo kofin ruwa. Ɗauka kawai na iya. Ranar dai na aro wayar Iya Muhibbat, ta saka lambar Muhsin a ciki, ta nuna min inda ake dannawa da inda ake buɗe murya. Na kira Babba a tawa, na kira Muhsin a tata, na kwantar da su baki da baki a kan faifai. Na ce wa kowa ga ɗan'uwanka nan, ni zan yi alwala.

Ban tafi ko'ina ba, a bayan labule na tsaya. Can sai yaron Muhsin ya tsala kuka. Na ji Babba ya yi gyaran murya, ya tambaya ko mai sunan Baba ne wannan, ya fara tafiya kuwa? Muhsin ya buɗe baki zai amsa, sai shi ma ya kama kuka. Ba su ajiye ba sai da katin Iya Muhibbat ya ƙare, ita kuwa tana tsaye tana share ido da bakin zane.

Jiya Juma'a da aka sauko masallaci na zauna jiran gaisuwarsu, waya shiru har yamma. Da suka kira, kowa haƙuri yake ba ni, wai hira ce ta yi tsawo da ɗan'uwansa. Ban taɓa jin daɗin a manta da ni irin na jiya ba. Don murna na juya zan gaya wa Malam, sai na ga tabarmarsa a naɗe. Na dai gaya masa, Yaya. Allah ya kai haske kabarinsa.

Ki gaida kowa da kowa, sai na gama takaba na zo da kaina.

Taki har kullum,
Ashatu