Ni da Karen Gidan Anti

Zuwa ga Mamana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Baba da Auta. Yaya ƙafar Kaka? Allah ya ƙara sauƙi.

Ina lafiya, karatu ma yana tafiya. Sai dai da direba ya dawo da ni daga makaranta ake kulle get, ba na sake ganin titi sai washegari. Anti ta ce garin ba namu ba ne, kuma na san don ni take yi.

Mijinta yana da kare. Ta ce ranar da ya daina jan igiya zan riƙa fita da shi har ƙarshen layi. Mai horar da karnuka ya koya mini: ba duka, ba tsawa. Da zarar ya yi daidai sai in ce "yauwa", in ba shi ɗan nama. Da farko nakan makara, sai ya zabura sannan maganar ta fito, har ya ɗauka zaburar nake yaba wa. Mutumin ya ce, "'Yammata, karen ma kunyarsa kike ji?"

Jiya mun zaga tsakar gida igiya a sake. Anti ta leƙo ta taga ta ce, "Mu ga wani watan."

Mama, in kun yi waya kada ki ce na yi ƙorafi. Ki dai tambaye ta ko karen yana jin magana yanzu.

Ki sa ni a addu'a.

'Yarki