Libarbar Kaka Garba

Riyad, 2 ga Rajab

Zuwa ga Yaya Ruƙayyatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da 'yarki Tahani da yaranta. Yaya sabon gida a Kudai? Allah Ya sa kin saba da hawa bene. Allah Ya jiƙan Baba, Ya kai haske kabarinsa.

Na rubuto da hannu, da ajamin da Baba ya koya mana, na ba Sami direba, saboda maganar ba ta waya ba ce, kuma ba na so yara su karanta.

Kin san an sa bikin ɗanki Rayyan na wajena tsakiyar Sha'aban, a wata istiraha, irin gidan hayar biki, bayan Ɗa'if. Surukanmu mutanen jeji ne, masu ji da asali. Ranar da muka je neman aure, kawun yarinyar ya nuna mini takobin kakansa a bango, sannan ya tambaye ni yana murmushi, "Ku Takari, me kakanninku suka bar muku?" Na kawar da zancen, Yaya. Har yau tambayar nan tana ci mini rai.

Ina roƙon ki aiko mini da libarbar Kaka Garba, wadda ya zo da ita daga Sudan. Na san kin fito da ita kafin hukumar rusau ta rushe gidanmu na unguwar Nakkasa. So nake Rayyan ya harba ta da hannunsa a gaban mutanen nan. Harsashi ba matsala, na samu sababbi wurin wani abokina, ya ce girmansu ɗaya da nata. Waɗanda Baba yake ɗurawa da hannu ba su da ƙara, sai ka ce an rufe ƙofar mota.

Ki huta lafiya.
Ƙaninki, Mukhtaru


Kudai, Makka, 9 ga Rajab

Zuwa ga Mukhtaru,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, alhamdu lillahi. Bene kam na saba, gwiwata ce har yanzu take gardama. Ka gaishe mini da angon da uwarsa.

Libarba tana nan, na shafe ta da mai jiya. Ba zan aiko ba.

Bari in gaya maka abin da abokin naka bai sani ba. Bindigar nan ta sojan Ingila ce, ta girmi Baba. Da harsashinta na asali ya yi wuyar samu, wani maƙeri a Sawakin ta Sudan ya goge bayan gidan harsashin da magagari, don ta karɓi wani iri. Karɓa kam tana karɓa. Amma ƙarfen tsoho ne, ba a yi shi don ƙarfin harsashin zamani ba. Na kasuwa zai shiga lafiya lau, ya zauna kamar don shi aka yi ramin. Fitarsa ce abin tsoro. Shi ya sa Baba yake ɗura nasa, yana auna albarushin kamar mai auna wa jariri magani, shi ya sa kuma ƙarar ba ta burge ka.

Ban da wannan, yaushe Baba ya taɓa harba ta cikin taro? Ko cikin harami bai taɓa tayar da ita ba, sai ya fita bayan iyaka. Kai kuma kana so a yi ta a tsakiyar biki, ga yara suna guje-guje, ga hukuma ba ta wasa da wannan. Ango ya kwana a hannun 'yan sanda, sai kawun nan ya san muna da asali ke nan?

Da ni ya tambaya, da na ce masa kakanmu ya bar mana ƙafafun da suka tako daga Hausa har Ka'aba, shekara bakwai a hanya. Shi takobin nasa daga bango zuwa ina ya taɓa zuwa?

Wassalam.
Yayarka, Ruƙayyatu


Riyad, 16 ga Rajab

Yaya Ruƙayyatu,

Assalamu alaikum. Na ga takardarki, kuma gaskiya ban ji daɗinta ba.

Na gwada wa abokina bayaninki, ya yi dariya. Shekararsa ashirin yana harkar bindigogi. Ke kuma, da girmanki Yaya, me kika sani a kan bindiga ban da shafa mata mai? Abin da kika ji Baba yana faɗa kike maimaitawa, shi kuwa Baba tsoro ne da shi kamar kowane tsoho.

Na yarda ba za a harba cikin taro ba, za mu fita jeji da maza kawai. Amma a gabansu za a yi, kuma da harsashi mai ƙara.

Ban so in faɗi wannan ba. Ni kaɗai ne namiji a 'ya'yan Baba. Da aka raba gado ban yi maganar libarba ba don kunyarki. Kin riƙe sikelinsa, kin riƙe carbinsa, kin riƙe akwatinsa, ban ce komai ba. Wannan kam tawa ce, daga ni sai Rayyan. Idan ba ta iso kafin ƙarshen wata ba, zan zo da kaina, kuma idan ta kai ga mahkama gaban alƙali, ke kika kai mu.

Ƙaninki, Mukhtaru Sabi'u


Kudai, Makka, 24 ga Rajab

Mukhtaru,

Wa alaikumus salam. Har da sunan uba a ƙasan takarda, sai ka ce ofis kake rubuta wa. To, ɗan Sabi'u, saurari 'yar Sabi'u.

Me na sani a kan bindiga? Shekarar da ka tafi Riyad, ciwon yanar ido ya rufe idon Baba, bai ƙara ganin allurar sikeli ba. Tun daga nan har ya bar duniya, shekara goma sha tara, ni ce idonsa. Mukan shiga ɗakin bayan injin niƙa bayan la'asar, mu rufe ƙofa. Ni nake goge kwanson, ni nake auna albarushi a sikelin nan na masu zinariya da kake ƙorafi a kai, shi kuma ya shafa dalmar da yatsa ya ji ko ta zauna. Ko ban ƙara komai ba sai ya ce, "Rage, Ruƙayya." In ce, "Baba, daidai yake." Ya ce, "To, rage a zuciyarki." Duk jikan da aka haifa, mukan fita hanyar garin Laisu bayan iyakar harami, ya fuskanci tudun yashi ya harba guda ɗaya. Wanda aka harba ranar sunan Rayyan, kana tsaye kana ta fara'a, hannuna ne ya auna shi. Ba ka taɓa tambaya ba, ni ma ban faɗa ba.

Yanzu ka buɗe ƙunshin da Sami ya kawo maka tare da wannan takarda. Guntun ƙarfen nan da ya yage ya karkace, saman libarba ne. Biyu Kaka Garba ya zo da su, maƙeri ɗaya ya goge su rana ɗaya.

An gaya maka bel ɗin injin niƙa ne ya cinye wa Baba yatsu biyu. Haka aka gaya wa duk Nakkasa. Ina da shekara tara, ina tsaye a bakin ƙofa aka shigo da shi, hannun naɗe da rawaninsa, rawanin ya jiƙe sharkaf. Ranar sunanka ne, Mukhtaru. Ya haifi mata huɗu a jere, mutane suna ta yi masa jaje a fakaice, sai ga ka. Ya ce yau sai duwatsun Makka sun ji. Ya raina harsashin hannunsa, ya ce ba shi da ƙara, ya nemo na kasuwa. Shi ma ya shiga lafiya lau.

Ya rantsar da ni da Inna kada ka sani, don kada ka tashi kana ganin kai ne sanadi. Na riƙe masa shekara hamsin da biyu. Yau na karya alkawarin, Allah Ya yafe mini, zan yi kaffara. Gara in karya shi da in ga Rayyan ya shiga ɗakin amaryarsa da rabin hannu, ko ba ido.

Mahkama kuwa, bismillah, ina da abaya sabuwa. Alƙali zai iya ba ka ƙarfen. Amma ka sani, ranar da hukunci ya fito, ni da kaina zan kai ta wurin hukuma in miƙa, su narka ta. Na fi son in rasa abin da ya rage mini na Baba da in miƙa maka shi ka sa wa yaron nan a hannu don wani mai takobi a bango.

Harsashi uku suka rage cikin waɗanda muka ɗura da shi. Idan kana so Rayyan ya harba kamar yadda gidanmu yake yi, zan zo da ita da kaina. Washegarin biki da hantsi, a jeji, guda ɗaya, ni zan sa mata. Wanda yake son kallo ya zo ya tsaya a baya. Ƙararta ba za ta burge kowa ba, kuma ba zan ƙara mata ko ƙwaya ɗaya ba.

Wassalam.
Ruƙayyatu


Riyad, 3 ga Sha'aban

Yaya,

Assalamu alaikum. Saƙo ya iso. Kwana uku ƙarfen yana aljihuna, na kasa rubutu.

Ina ƙarami, Baba yana riƙe da ni a ɗawafi da hannun nan, na tambaye shi ina sauran yatsunsa. Ya ce, "Na ba da su tukwici ranar da aka ba ni kai." Na yi dariya, shi ma ya yi. Duk shekarun nan na ɗauka wasa yake.

Na mayar wa abokina kayansa. Ki zo da ita, Tahani ta rako ki saboda gwiwa. Kawun yarinyar zai zo ya tsaya a baya. Idan ya tambayi wanda ya ɗura, ni zan ba shi amsa.

Ki yafe mini.
Mukhtaru