Kanwa a Kwanon Baba

Daren Laraba, watan Rajab

Barci ya ƙi zuwa. Tun da likitan garin Wad Madani ya ce hawan jini ya sa jijiyoyin Baba sun yi tauri, Inna ta daina sa gishiri a miya. Yau da safe na iske ta tana jiƙa masa kanwa.

Na ce, "Inna, likita ya ce ita ma gishiri ce."

Ko kallona ba ta yi ba. Ta ce, "Kanwar da ke sa wake laushi, jijiya ce za ta gagare ta?"

Baba ya shanye, ya tafi gonar auduga yana dafe da ƙeya.

In ɓoye kanwar ne? To, in na ɓoye, me ya rage mata ta yi masa?