Alkunyar 'Yar Fari a Ofishin Makaranta

Zuwa ga Yayata Rahila,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa da kewa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Malam da yara. Allah Ya ƙara wa Inna sauƙin ƙafarta, Ya bar mana ita. Mu nan Dubai lafiya muke, sai zafin da ba ya barin mutum ya leƙa waje. Abban yara yana nan yana fama da aikinsu a Ras Al Khor, Fahad kuwa ya fara tafiya, babu abin da ya tsira a ɗakin nan. Wata Hajiya 'yar Kantin Kwari da ta gama sayayya a Naif ce za ta miƙo miki wannan. Na zaɓi rubutu ne domin na san in na kira ki, kuka ba zai bar ni in kai ƙarshe ba.

Yaya, maganar 'yarki Khadijatu ce. Kin tuna mun tsayar da shawara za a kawo miki ita bayan hutu, tun da makaranta ta ce ko dai ta sake maimaita aji, ko mu nema mata wani wuri. Shekararta tara, har yau layi ɗaya na karatu yana gagarar ta. Na amince a baki ne kawai, zuciyata ba ta taɓa yarda ba. Maƙwabciyata Fadima, 'yar Maraɗi, ita ta ga yadda na rame, ta tsare ni sai da na faɗa mata, ta kuma haɗa ni da wata Malama Muhsinat. Ita wannan baiwar Allah a Kano ta tashi, ta karanci koyar da yara masu buƙata ta musamman, kuma sana'arta ke nan: ta tsaya wa iyaye a gaban makaranta, ta raka su zama, ta nuna musu abin da ɗansu ya cancanci a yi masa.

Da ta zo, kafin ta sha ruwa ta ce in kawo mata duk takardun makaranta. Na juye mata leda guda, ta zauna tana bi ɗaya bayan ɗaya. Can sai ta ware guda uku, rahoton zaman da aka yi da mu ne, kowanne an rubuta cewa iyaye ba su da wata damuwa. A ɗaya ma malamar ajin ta ƙara da cewa uwar ba ta cika nuna sha'awa a kan yarinyar ba. Yaya, sai da na ce ta sake karanta mini. Kin san yadda aka yi? Duk lokacin da suka tambaye mu yaya take a gida, sai mu ce lafiya lau, mun gode. Abbansu ya gyaɗa kai, ni in sunkuyar da nawa. To da wane baki zan zauna gaban mijina da baƙin mutane ina zancen 'yar fari, wadda ko sunanta ban saba kira ba? Mu muna ganin tarbiyya muke nunawa, su kuwa suna rubutawa.

Malama Muhsinat ba ta yi mini dariya ba, ta ce ita ma uwarta ba ta taɓa kiran sunanta ba. Amma ta ce a ofishin nan, abin da ba a faɗa ba tamkar bai faru ba ne. Ta shirya aka kai yarinyar wurin ƙwararriya aka gwada ta. Idonta da kunnenta lafiya, ƙwaƙwalwarta ma tangaram. Haruffa ne suke cakuɗe mata, abin da suke kira disleksiya, kuma akwai hanyar koyar da irinsu. Bayan haka ta sa ni a gaba kwana uku ina maimaita abin da zan faɗa, kamar mai biya hadda.

Ranar zaman mu uku muka je, ni da Abbansu da Malama. Malama Muhsinat ta nemi a nuna mata a rubuce irin taimakon da aka ba yarinyar cikin shekara biyu. Shugabar makarantar ta ɗan yi kame-kame, sannan ta ce ai iyayen ba su taɓa kawo kuka ba. Na ɗauka Malama za ta amsa, sai kawai ta juyo ta zuba mini ido. Duk abin da na haddace ya gudu. Abin da na ji bakina ya fara da shi, sunanta ne. Na ce Khadijatu takan yi awa biyu a kan shafi ɗaya har ta tauna bakin hijabinta ya jiƙe. Na ce duk safiyar Litinin da ciwon ciki take tashi. Na ce wannan da suke gani ba ta iya komai ba, izu biyar ne a kanta, duk da kunne ta ɗauka. Na faɗi haka ina jin kamar Inna tana bayana tana kallona. Surukinki kuwa yana ta goge ido, wai sanyin na'ura ne ya dame shi.

Sun yarda ta wuce tare da 'yan ajinsu. Malama ta musamman za ta riƙa zama da ita sau uku a mako, za a riƙa karanta mata tambayoyin jarrabawa, an kuma rubuta komai mun sa hannu. Bayan zango ɗaya za a sake zama a duba. Ban ce an gama ba, amma dai an fara.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda na tarar a gida. Ina neman takalmin Fahad a ƙarƙashin gado, sai na jawo jakarta, cike da kayanta a ninke, har da burushin haƙori. Ashe duk wayar da muke yi da ke tana ji, ta shirya tun makonni. Ta tambaye ni ko don ita daƙiƙiya ce za a mayar da ita, ta ce in an bar ta za ta ƙara ƙoƙari. Na jawo ta jikina, abin da rabona da yi tun tana goye, na ce mata babu inda za ta. Tare muka mayar da kayan cikin durowa. Saboda haka ki yi haƙuri, Yaya, na san kin gyara mata ɗaki da zuciya ɗaya, Allah Ya saka miki. Amma 'yarki tana nan wurina.

Ki gaishe mini da Inna, ki karanta mata wannan a hankali, ki ce ina neman afuwa in na zubar mata da tarbiyya. Ki gaida Malam, da Kawu Salmanu, da Halimatus Sa'adiya da jaririnta. Ku sa mu a addu'a.

Taki ƙanwa mai kewarki,
Saratu