Nasiru da Birkin Motarka

Yaya Bello, assalamu alaikum. Ina gajiya? Ya aiki, ya iyali, ya sanyin Jos? Mu nan Mabera lafiya lau.

Motarka mai shan gas da ka bar wa Nasiru, mijin 'yar'uwarmu Hadiza, ta ga ta kanta. Bakanike ya ce a juye baƙin mai, a canza birki. Gogan naka sai ya sayo sifika da fitilun gayu. Ranar Juma'a ya ɗauko Inna daga asibiti, birki ya ƙi ci, suka faɗa kwata a Arkilla. Allah ya tsare, ba ta ji ciwo ba. Ko kunya babu, ya ce mini, "Ai motar ce ta tsufa."

Na karɓe makullin har ka dawo. Ya taka sayyadarsa.

A sa mu a addu'a. Ka gaida Rabi da yara.

Ƙanenka, Sani