Yayan Mijina Ya Ce Ƙafata Ce Ta Kashe Motar

Anti, don Allah ki taimake ni, raina ya gama ɓaci. Mijina ya rasu ya bar mana tsohuwar motarsa. Da ita nake kai yara makaranta in wuce aiki. Tun bara ta fara karkarwa idan na tsaya a danja, har madubi na rawa. In na taka totur sai ta yi kamar ta shaƙe kafin ta ja, ga baƙin hayaki, ga shan mai kamar tanki ya huje.

A danginsu ba a kai mota wajen kowa sai garejin yayan mijina. Shi kuwa Yaya a kan motocin da masu kafireta ya koyi aiki, wannan kuma mai injekta ce. Ya kara kunne a jikin inji, ya gyaɗa kai, ya canza fulogi. Sau nawa aka canza fulogin nan, na daina lissafi. Da ya gaji sai ya ƙara mata silo, wato gudun inji in mota na tsaye, don kada in ji rawar, yanzu gurnani take kamar janareta. Na ce ko za a sa mata na'ura a duba, ya ce tun ba a haife ni ba yake kwance inji.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ya gaya wa surukata wai ƙafata ce, mace ba ta iya taka mota ba. Da ƙaninsa ke tuƙa ta ai ba ta taɓa tari ba, in ji shi. Yanzu sun haɗa baki a sayar da ita a matsayin kwankwatsattsiya. Ban taɓa ɗaga masa murya ba, amma wallahi na tsani ganin ƙofar garejin nan. In motar ta tafi, aikina ma ya tafi. Yaya zan yi?

Uwar marayu

'Yar'uwa, Allah ya jiƙan maigidanki. Ƙafarki ba ta sa baƙin hayaki. Abin da kika faɗa ya fi kama da injekta da ta toshe ko take ɗigar mai, ko da yake koyil mai ba fulogi wuta ko matatar mai ma suna iya haka. Ba a gane wannan da kunne kaɗai. A sa na'ura, a ciro injektocin a ga yadda kowace ke fesa mai, a wanke ko a canza wadda ta gaza, a mayar da silo daidai. Ke ma ki duba, in kina barin tanki ya kusa ƙafewa ki daina, dattin ƙasan tanki motar take zuƙa.

Yayan mijin naki ya yi kuskure, amma ban ga mugunta ba. Na ga dattijon da sana'a ta wuce shi, kuma ya fi masa sauƙi ya zarge ki da ya ce bai sani ba. Ki same shi shi kaɗai, ki roƙe shi ya raka ki wajen masu na'ura a matsayinsa na uban yara. In ya ƙi, ki tafi abinki. Motar nan ta marayu ce, kada ki miƙa makulli kafin a san ciwonta. Allah ya raya miki su, ya sanyaya zuciyarki.