Rantsuwata a Kan Sunan Malam Mumini

Ya Malam mai ba da shawara,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aikinka, don Allah ka taimake ni. Na shiga tsaka mai wuya, kuma ba kowa ya jefa ni ba sai bakina. Ba zan faɗi sunana ba, ko da yake duk wanda ya karanta wannan a Makarfi zai gane ni, wanda bai iya boko ba kuma za a karanta masa a rumfar mai aski.

Ni manomi ne, ina kuma taɓa ɗinki da rani. Ba zan kira kaina malami ba, amma na yi karatu daidai gwargwado, har nakan kira salla idan ladaninmu ya tafi Gazara duba gonarsa. Na faɗi haka ne don ka san maganata tana da ɗan nauyi a unguwa, kuma nauyin nan ne yanzu ya danne ni.

Da aka buɗe kasuwar auduga bana, kamfani ya aiko da sabon akawu mai kula da sikeli, mutumin Kudu ne daga wajen Kalaba, ya zo da matarsa da 'ya'yansa. Aka sauke su a gidan marigayi yayana, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Na je yi masa barka da zuwa. Hausarsa ba ta wuce sannu da na gode ba, Turancina kuwa bai ma kai nan ba. Ya faɗi sunansa, na ji kamar an jefa tulu a rijiya. Na ce ya sake, ya sake, na ce to madalla. Na miƙa masa goro, ya karɓa hannu biyu, ya mayar mini cikin ladabi. Sai na nuna sama da yatsa, wato ina tambayar addininsa. Ya dafa ƙirji ya faɗi kalma ɗaya, ya kuma maimaita. Malam, da kunnena na ji, mumini ya ce. Daga ranar ya zama Malam Mumini, ni na raɗa masa, gari kuma ya ɗauka.

Kada ka ce na yi gaggawa, don na sa masa ido sosai. Mutumin nan ba ya shan giya, ba ya shan taba, ba ya cin goro, ko shayi ba ya sha. Duk wata yakan ɗauki azumin yini guda. Da ya yi 'yar gonar rani a bayan gida, sai da ya ware kashi ɗaya cikin goma ya ce na Allah ne, ni kuwa na ce ga zakka a fili. Sikelinsa ba ya cin auduga ko ta talaka ce, abin da dattawanmu suka ce ba su taɓa gani ba tun da aka kawo sikeli garin nan. Da an tashi aiki sai gida. Ya ɗebo wa matarsa ruwa, ya goya ƙaramin ɗansa a wuya, su zauna su ci a akushi ɗaya, sannan ya buɗe wani littafi ya yi ta karanta musu, su yi waƙa a hankali. Na ce ai ishiriniya ce irin ta mutanen Kudu.

Na san za ka tambaye ni salla. Ni ma an tambaye ni. Na ce mutumin ba ya son riya ne, a ɗaka yake yi. Aka ce to Juma'a fa? Na ce Baturen kamfani ne ba ya barinsa ya bar sikeli. Aka ce me ya sa yake sa fararen kaya ran Lahadi ya ƙi ko sayen gishiri? Na ce wannan wani sirri ne na manya, wanda bai kai ba ba zai gane ba. Duk ƙofar da aka buɗe mini don in gane, ni da kaina na tashi na rufe ta.

Da ma a nan na tsaya. Amma sai na mai da shi bulala. Duk majalisar da na zauna sai na ce ku dubi baƙo daga bakin teku ya fi ku tsoron Allah. Na daina cin goro a bainar jama'a, na hana shi shiga gidana, na ce muminan ƙwarai ba sa ɓata haƙoransu. Ya'u mai goro, wanda muka tashi tare, sai da na yi masa wa'azi a gaban farantinsa har wasu dattawa biyu suka daina saye a wurinsa. Tun ranar ba ya amsa gaisuwata sai da hanci. Ni kuwa tun da na bar goro kaina bai daina ciwo ba, hamma nake yi tun hantsi.

Ga inda abin ya zama babba. Matata Indo tana da ciki. Watannin baya, wata ranar kasuwa da rana tsaka, jini ya ɓalle mata, ungozoma ta fito ta ce abin ya fi ƙarfinta. Na ruɗe, na rasa inda zan sa kaina. Mota ɗaya ce a garin, ta kamfani, an riga an cika ta da auduga za ta Zariya. Matar maƙwabcina ce ta ruga ta gaya wa mijinta. Mutumin nan ya bar sikeli, ya hau motar da kansa ya yi ta turo buhuna ƙasa, direba yana ta faɗa yana cewa za a kore su duka. Aka shimfiɗa Indo, matarsa ta rungume kanta har asibiti, ta kuma zauna da ita har aka sallame su. Daga baya na ji Bature ya yi masa kaca-kaca, saura kaɗan ya rasa aikinsa, bai taɓa gaya mini ba. Likita ya ce da an ƙara jinkiri da an rasa uwa da ciki. Ranar da Indo ta dawo da ƙafarta na yi kuka, ban ji kunya ba. Na tsaya a ƙofar masallaci na rantse da Allah, in namiji ta haifa, sunan mutumin nan zai ci. Liman yana wurin, Ya'u ma yana wurin.

To makon jiya surukina Sada, wan Indo, ya zo daga Hunkuyi duba ta. Tsohon soja ne, ya yi yaƙin Bama, yana jin Turanci. Na kai shi ya gode wa maƙwabcina. Suka yi ta hira ina gefe ina gyaɗa kai kamar ina ji. Can sai na ga Sada ya riƙe ciki, dariya har da hawaye. Da muka fito ya zaunar da ni ya warware mini. Ashe mutumin ba mumini ya ce ba, Momon ya ce. Wai wata ɗarika ce ta Kirista daga Amurka, ta gidan waya ya samo littattafansu, yake bi shi da iyalinsa. Sunansa na yanka kuwa Ekpenyong, Sada ne ya rubuta mini.

Wani abin kuma, maƙwabcin nawa ma ashe a ruɗe yake. Da ya ji kowa yana kiransa Mumini, ya zaci haka Hausawa ke faɗin Momon. Da ya tambayi mutane da 'yar Hausarsa ko su ma muminai ne, kowa ya ce ƙwarai kuwa, in Allah ya yarda. Sai ya ɗauka Allah ya jefo shi garin da kowa ɗan ɗarikarsu ne, illa dai goro ya yi mana yawa. Har yana shirin sanar da manyansu a Amurka su zo su ga abin mamaki, ni kuma yana ganina a matsayin shugaban jama'a tun da na bar goro. Sada bai gaya masa gaskiya ba, dariya ta hana shi. Mutumin ya kuma gaya wa Sada cewa ya ji labarin rantsuwata, bai taɓa samun girma irin wannan ba, kullum yana yi wa ɗan da ke ciki addu'a.

Malam, haihuwa ta kusa, ungozoma ta ce ba za a wuce watan gobe ba. In na sa wa yaro Mumini, ba sunan mutumin ba ne, ina tsoron rantsuwa ta ci ni. In na sa Ekpenyong, liman ba zai iya faɗa ba, in ma ya iya ba zai yarda ba, yaro kuma ya shiga uku a makarantar allo. In na fasa duka, da wane ido zan dubi wanda ya ceci matata? Indo ta ce ita ba ruwanta, ko sunansa Sikeli ne a sa wa ɗanta. Sada ya yi alkawarin yin shiru, amma na san shi, shirunsa ba ya wuce kasuwa biyu. Wani lokaci har addu'a nake Allah ya sa mace ce, sai in tuna ban san sunan matar ba, wataƙila ya fi na mijin wuya. Ka ba ni shawara don girman Allah.

Naka,
Mai Ciwon Kai, Makarfi

*

Malam Mai Ciwon Kai,

Na karɓi takardarka, Allah ya saka da alheri. Ba zan ɓoye maka ba, ni ma na yi irin ta Sada kafin na ɗauki alƙalami. Amma da na kai wurin motar auduga dariyar ta tsaya.

Na tambayi wani abokina da ya yi karatu a ƙasar waje, ya ce lalle akwai mutanen nan, Kirista ne, suna da wani littafi nasu ban da Linjila, kuma an san su da ƙin giya da taba da shayi da kuma riƙon iyali. Saboda haka maƙwabcinka bai yaudare ka ba ko kaɗan. Ka tambaye shi, ya gaya maka gaskiya har sau biyu. Kunnenka ne ya ji abin da ranka ke so, domin kana neman sandar dukan mutanen unguwa, sai ga ta ta zo a motar kamfani. Wannan laifinka ne. Amma ta wani gefen ba ka yi kuskure ba. Sikelin gaskiya da ka gani gaskiya ne, ruwan da yake ɗebo wa matarsa ruwa ne, Indo kuma tana nan da ranta. Babu ɗaya cikin waɗannan da ya canza ranar da Sada ya yi dariya.

Ga abin da nake gani. Kada ka jira shirun Sada ya ƙare. Ka ɗauke shi ku koma wurin maƙwabcinka, wannan karon ya yi tafinta ba dariya ba. Ka gaya masa ku Musulmi ne, shi ma ka gane nasa, kowa ya riƙe addininsa a gidansa. Ka yi wannan da wuri, kafin ya tara wa kansa kunya a Amurka irin wadda ka tara a Makarfi. Bai cancanci haka daga gare ka ba.

Daga nan sai wurin liman, kai kaɗai, ka gaya masa komai. Hukuncin rantsuwa nasa ne, ba na mai rubutu a jarida ba, in ya ce akwai kaffara sai ka yi ba gardama. Amma a ganina, ranar da ka tsaya a ƙofar masallaci ba ka san wani Ekpenyong ba. Mumini ka sani, shi ka nufa, shi jama'a suka ji, shi kuma mutumin yake amsawa safe da yamma. Abdulmumini suna ne mai kyau, babu limamin da zai ƙi raɗa shi. Ka bayyana wa maƙwabcinka ma'anarsa, ka ce sunan da garin nan ya san shi da shi ne za a ba yaron. Ina zaton zai ji daɗi fiye da da.

Batun surutun mutane kuwa, za a yi, ka shirya. Za a yi maka dariya, kuma ka ci bashinta. Hanya mafi sauƙi ita ce ka riga kowa ba da labarin. Ka fara da Ya'u. Ka je ka ba shi haƙuri a gaban farantin da ka yi masa wa'azi, goron suna kuma a wurinsa za ka saya. Ka ɓare ɗaya ka ci a nan take, ciwon kanka zai tafi. Abin koyi a wurin maƙwabcinka ba barin goro ba ne. A duk takardarka ban ga inda ka ce ka taɓa ɗebo wa Indo ruwa ba.

In wani ya ce maka yaya za ka yi wa wanda ba Musulmi ba takwara, ka tambaye shi inda yake ranar da ake turo buhuna daga mota. Mutumin nan bai tsaya tambayar addinin Indo ba kafin ya hau.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi damuna. Kun yi watanni katanga ɗaya, ya yi kasadar rasa aikinsa saboda iyalinka, amma har yau ba ka iya faɗin sunansa ba, na matarsa kuwa ko tambaya ba ka yi ba, alhali ita ta rungume kan Indo har Zariya. Ka tambaya gobe. Kana da sauran lokaci kafin haihuwa, ka zauna da Sada ka yi ta maimaitawa kamar yadda ka yi haddar allo, har harshenka ya saba. Wata rana yaron zai girma ya tambaye ka sunan wa ya ci. Lokacin an daɗe da ɗauke akawun zuwa wani gari, kuma ba mai iya gaya masa sai kai.

Allah ya sauki Indo lafiya, ya raya abin da za ta haifa, namiji ko mace. Ka gaishe mini da Malam Ekpenyong, kuma ka faɗi sunan daidai in za ka isar da gaisuwar.

Naka,
Malam mai ba da shawara